Labarin tsofaffin 'yan makaranta: wa zai tattara, wa zai kai?

Waɗanda suka shiga Jami'ar Jos tun tana reshen Jami'ar Ibadan da aka kafa a 1971, har zuwa lokacin da ta tsaya da ƙafarta a 1975, yau sun haura saba'in ko suna gab da ita. Haka tsaransu na makarantun sakandaren Gindiri da Kuru da Keffi. Labarin da ke yawo a tsakaninsu yanzu shi ne wane ya ajiye aiki ya koma gida, wane an yi masa aikin ido, wance ta aurar da autarta, wane kuma ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ke ci mini rai shi ne yawanci labarin kan zo a makare, wani lokaci sai an share makoki.

Kuskuren da ƙungiyoyi da yawa ke yi shi ne jingina komai ga zauren WhatsApp. Zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, amma dattijon da ido ya yi rauni, ko wanda babbar wayarsa ke hannun jikoki shi yana riƙe da ƙarama mai tocila, bai san wainar da ake toyawa ba. Wanda ma ke dubawa, sanarwar rasuwa kan nutse masa a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da bidiyon siyasa. A raba zauren biyu: na hira, da na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki. Sannan kowane aji ya sami wakili mai riƙe da suna goma sha biyar zuwa ashirin, yana kiransu da baki sau ɗaya a wata. In sun fi haka, zai gaji ya watsar.

Rajista kuwa a rubuta sunan da aka san mutum da shi a makaranta, har da laƙabi, mata kuma da sunansu na kafin aure. A sa shekarar shiga, da unguwa, Bukuru ce ko Unguwar Rogo ko Rayfield, da lamba biyu: tasa da ta ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Lamba ta biyun ita ce mai ceto, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar wa wani, sai ka kira Baba wane ka ji muryar baƙo. A ajiye kwafi a takarda.

Sanarwar rasuwa ce ta fi bukatar taka-tsantsan. Kada a tura sai wakili ya ji daga bakin iyali, don sunaye na kama da juna, kuma ba ƙaramin tashin hankali ba ne mutum ya ga ana yi masa ta'aziyya yana raye. A haɗa da shekarar ajinsa da garinsu. A Jos ajin nan ɗaya ya haɗa Musulmi da Kirista, to saurin aikin ya bambanta. Musulmi cikin 'yan sa'o'i ake kai shi makwanci, don haka kira ake yi nan take, a faɗi masallaci da lokaci, bayan azahar ne ko la'asar, da gidan da ake zaman makoki. Saƙon da aka buɗe bayan isha'i bai kai kowa jana'iza ba. Na Kirista sau da yawa yakan ɗauki makonni, kuma akan kai gawa gida, Pankshin ko Langtang ko Shendam, sai a sami sararin haɗa kuɗin mota a tafi tare.

Rashin lafiya sirrin mai shi ne. A tambaye shi ko iyalinsa kafin a sanar, kuma don Allah a daina tura hoton mutum a gadon asibiti. In za a yi karo-karo, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, wanda ake buɗewa bayan an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Asusun mutum ɗaya, ko da amintacce ne, yana jawo zargi, in ya rasu kuma kuɗin ya maƙale cikin gado. 'Yan damfara ma sun gane wannan hanya: sukan kira dattijo su ce ana taron ƙungiya, ya karanto musu lambobi shida da suka shigo wayarsa, daga nan sun ƙwace WhatsApp ɗinsa suna roƙon kuɗi da sunansa. Wakili ya zauna da kowa ya kunna masa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin makullin WhatsApp.

Akwai labarin da ya kamata ya riga kowane isa, wato na tantance 'yan fansho. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke kan tsohon tsari suna ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan fanshonsu, inda ake tabbatar da mutum na raye ta intanet da hoton fuskarsa. Waɗanda ke kan sabon tsarin da dokar fansho ta 2004 ta kawo kuwa da kamfanin da ke kula da fanshonsu suke hulɗa. Wanda sanarwa ta wuce shi ana iya dakatar masa da biya, kuma dawo da shi sai an sha zirga-zirga. Ranar da wakili zai kai ziyara, ya tafi da waya mai kyamara da data, ya ce a fito da takardun fansho tun kafin ya iso.