Godiya ga Allah da bayinsa da suka tsaya mana

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Yau kwana 9 da aka sallamo maman yara daga asibiti a Zuru, ita da jaririya duk lafiya lau. Jiya na tashi zan ba da shaida a majami'a kuka ya ci ƙarfina, shi ya sa na ce bari in rubuto nan.

Ga wanda bai ji ba, naƙuda ce ta taso mata cikin dare a ƙauyenmu can bayan Ribah, ga ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya, ga hanya kun san yadda take, in rana ta faɗi ba mai son fita saboda mutanen daji, sai kuma jini ya ɓalle mata. Na durƙusa tsakar gida ina ta kiran Ubangiji. Ban tashi ba sai ga maƙwabcinmu Alhaji da a-kori-kurar da yake ɗaukar dawa da ita, ihun mata ya ji ya fito, ba wanda ya kira shi. Baba Alhaji, ka sa ranka a hanyar nan dominmu, ko kuɗin mai ka ƙi karɓa. Allah ya saka maka, ya tsare gidanka.

Amma abin da ya sa na kasa magana jiya daban ne. Likita ya ce tiyata za a yi kuma sai an samu jini, irin nata kuwa mai wuyar samu ne, aka gwada ni aka gwada ƙannena biyu bai yi ba. Da asuba sai ga wani yaron ikilisiyarmu a kan mashin, jiƙe sharkaf. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Yaron nan duk mun cire rai da shi saboda burkutu da ƙwaya, ina cikin dattawan da suka sa shi horo bara, kuma gaskiya tun daga lokacin ban taɓa taka ƙofar gidansu na ce ya kake ba. Jininsa ne ya yi daidai. Da nas ta tambaye shi ko yana shan wani abu ya ce wata 5 ke nan da ya daina, ina tsaye a wurin kunya ta rufe ni, wata 5 Allah yana aiki cikin yaron nan a gaban idonmu ba wanda ya lura. Kwana 3 ya yi a barandar asibiti, shi ne ɗebo ruwa shi ne sayen magani, canji ko na naira 50 ne sai ya dawo da shi. Dare ɗaya na farka na ji yana yi wa matata addu'a da Dakarci a hankali.

A Ayyukan Manzanni 11, da aka aiki Barnaba daga Urushalima zuwa Antakiya, ya ga alherin Allah a cikin mutanen, ya yi murna ya ƙarfafa su. Shi ne kuma ya kama hannun Shawulu ya kai wa manzanni lokacin da kowa ke tsoronsa. Ni ban yi maka haka ba ɗana, ka yafe mini. Yau ina faɗa a gaban kowa, na ga hannun Ubangiji a kanka da idona, jininka ne ke jikin matata.

Zumuntar mata, iyayena, kunu da tuwo ba su yanke ba ko rana ɗaya, ga wanki ga riƙon yara a gida. Matasa kun yi gayya kun nome mini gona ban roƙa ba, mu da muka gaji golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai don neman aure, mun san nauyin wannan aiki. Baba Fasto da Mama, likita da nas-nas, da 'yan'uwa na Yauri da Kontagora da Birnin Kebbi da alat ɗinku ya riƙa shigowa, wasu ma ban san lambar ba, na gode na gode.

Lahadi mai zuwa in Allah ya yarda za mu miƙa yarinya a sujadar safe, daga nan sai gida. Baba Alhaji muna jiranka a gida. Kai kuma ɗana ka zo da wuri, kusa da ni za ka zauna.