Inda aka kwana da podkas ɗina, lamba ta ƙi motsi amma ana ji

Jama'a barkanmu da war haka, musamman ku da muka fara koyon harkar podkas ɗin nan, wato shirin murya irin na rediyo da ake ɗorawa a intanet, kusan lokaci guda. Na lura wasunmu sun yi tsit, wasu ma tun bayan sallah ba su ƙara sakin komai ba, kuma ba sai an faɗa min dalili ba, lambar nan ce ta masu sauraro da ta kafe wuri ɗaya. Nawa ma haka yake wallahi. Shirin da nake yi hira ce da masu sana'ar hannu na cikin birnin Kano, marina da dukawa da maƙera, kuma duk fitowar da na saki in na leƙa shafin ƙididdiga na masu podkas a Spotify, manhajar sauraron waƙa da podkas, shafin da a da ake ce wa Anchor kafin Spotify su saye shi a 2019 daga baya su canza masa suna, abin da nake gani ko ɗaliban aji ɗaya na firamaren gwamnati bai kai ba. Ka kwana kana editin, ka ƙona data wajen lodin, gari ya waye ka ga mutum ƙalilan, cikinsu ma har da kai da ƙaninka.

To amma ku tsaya mu duba me lambar take ƙirgawa tukuna kafin ta karya mana gwiwa. Ita wanda ya buɗe manhaja ya danna ya saurara ta intanet kawai ta sani. Mutanenmu kuma ba haka suke jin abu ba. Spotify ɗin ma sai a 2021 ya shigo Najeriya, Google Podcasts da yake saukin samu a wayoyin Android an rufe shi a 2024, su kuma masu iPhone nawa ne a cikin waɗanda nake yi wa shirin? Mutumin da nake so ya ji hira da marini ba zai je ya buɗe akawun a wata manhaja ba, shi dai a turo masa a WhatsApp, ko ɗansa ya tura masa ta Xender, ko mai tura waƙa a bakin kasuwa ya zuba masa a memori. Duk wannan ko ɗaya ba ya shiga lissafi.

Na gani da idona kwanan baya. Na tsaya wajen wani mai shayi da daddare, sai na ji murya kamar na santa tana fitowa daga wata ƙaramar waya da aka jingina a jikin gwangwanin madara, ashe hirar da na yi ce da wani dattijo baduku, benci cike da mutane ana ji, wani ma yana gardama wai ba haka ake jeme fatar akuya a garinsu ba, mai shayin yana ce masa ya yi shiru a ji. Ban ce musu ni ne ba, na sha shayina na tafi. Wancan zaman gaba ɗayansa a shafin ƙididdiga sifiri ne, don fayil ne wani ya turo wa wani. Kuma ai dama haka muka gada, tun da BBC ta fara sashen Hausa a 1957 rediyo ɗaya ake kewayewa a majalisa, kunnuwa goma akwati ɗaya. Bahaushe bai taɓa rasa son sauraro ba, hanyar da abin zai iso masa ce matsalar, sai kuma kuɗin data.

Shi ya sa yanzu duk fitowa kala biyu nake fitarwa. Ɗaya mai nauyi da nake ɗorawa a manhaja, ɗaya mara nauyi ta turawa. In ka fitar da MP3 a 128 kbps, wato ma'aunin nauyin sauti, duk minti ɗaya kusan megabait ɗaya yake ci, in ka mai da shi mono, wato sautin layi ɗaya maimakon hagu da dama, ka sauke zuwa 64 sai ya koma rabi, wato hirar minti 20 ba za ta kai megabait 10 ba, kuma tunda magana ce ba kiɗa ba kunne ba ya jin wani bambancin a zo a gani. A ƙarshen kowanne ina faɗin sunan shirin da baki, saboda in fayil ya yi ta yawo hannu zuwa hannu sunan da ka rubuta a jikinsa ɓacewa yake yi.

Ta ɓangaren sauti kuma an ɗan samu ci gaba, Alhamdulillah. Har yanzu da waya nake ɗauka da ƙaramin makirfon nan na Boya da ake maƙalawa a wuyan riga, editin kuma a Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, tunda kyauta ne. Gabatarwa da sassafe nake ɗaukarta, bayan an idar da asuba kafin 'yan adaidaita su fito da hon, a ɗakin da ya fi kaya da labule da katifa don su shanye amsa-kuwwa, fanka a kashe ko da zafi zai kashe ni. In janareton maƙota na aiki kuwa haƙura kawai nake yi, babu manhajar da za ta cire shi tsaf. Wanda bai gwada ba ya gwada wannan: kafin ka fara magana ka bar sakan kaɗan shiru ana ɗauka, da wannan shirun Audacity zai gane hayaniyar ɗakin ya rage ta. Amma a bi a hankali, in ka matsa masa da yawa murya sai ta koma wata iri ƙarfe-ƙarfe, gara a ji ɗan shuuu a baya da wannan.

Abu ɗaya da shafin ƙididdigar ya amfane ni da shi, akwai zanen da ke nuna inda mutane ke sauka daga shiri. Nawa a wajen gaisuwa suke zubewa. Kun san ba ka isa ka zauna gaban dattijo ka jefa masa tambaya kai tsaye ba, sai an yi ina kwana Baba, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi, kuma dole ne a yi ta don ita ke kwance masa baki. Yanzu ina ɗaukarta duka amma a editin nake rage ta, sannan na ciro wata magana mai daɗi daga tsakiyar hirar na sa ta a farko kafin ma sallamata.

Ainihin abin da ya riƙe ni a harkar nan dai ba wannan ba ne. Na zauna da wani tsohon marini a Ƙofar Mata, wurin da ake cewa tun 1498 ake rini, ya yi min bayanin yadda ake haɗa baba da toka a rijiyar rini a bar su kwanaki su nuna, da yadda yake gane ruwan ya yi ta wari da kalar kumfar da ta taso, ba agogo ba ma'auni. Ya tsoma ƙyalle ya ɗago ina kallo, ya fito kore-kore, yana shan iska yana rikiɗewa shuɗi a gaban idona, ya sake tsomawa ya sake ɗagowa, ya ce haka za a yi ta yi sai ya kai duhun da mai kaya ke so. Gefenmu ga rijiyoyi nan birjik an daina amfani da su, wasu shara ta cike su. Yaransa duk sun kama wata sana'ar. To ku gaya min, hirar nan ko mutum biyar suka ji a wannan shekarar ta faɗi? Muryarsa tana nan, kalmomin sana'ar da ni kaina ɗan birni ban taɓa ji ba suna nan, na ajiye kwafi a Google Drive na ajiye a filas. Labarin siyasa in ya kwana biyu ya yi tsami, irin wannan kuwa wanda zai neme shi wataƙila yanzu yana firamare.

Maganar kuɗi kuwa gara mu faɗa wa juna gaskiya. YouTube sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin su fara raba kuɗin talla da kai ta hanyar dogon bidiyo, mu da muke harkar murya zalla tafiyar da nisa. Wanda kuɗi ya kawo shi da gaggawa ya je ya yi gajerun bidiyo a TikTok, ba zagi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni abin da na samu zuwa yanzu shi ne na iya tambaya, na iya yin shiru in bar mutum ya ƙarasa, wanda da can da ya ɗan numfasa nake cusa baki, kuma na daina jin kunyar muryata.

Na koma sakin shiri duk sati biyu maimakon duk sati, ina kuma ƙoƙarin a ce kullum akwai guda a ajiye saboda ranar da wuta ko rashin lafiya za su yi min cikas. Shafin lamba kuma ranar Juma'a kaɗai nake leƙawa, na cire manhajar daga fuskar waya ma.

Fitowa ta gaba in sha Allahu mabuga zan je, inda ake buga shadda da yadin da aka rina har su yi ƙyalli, kuma tun yanzu kaina ya ɗaure, don ƙarar bugun nan za ta danne duk wata magana, in kuma na ja mutumin gefe na rasa sautin da shi ne daɗin wurin. Tunanina in ɗauki bugun daban, hirar daban a wani shago, in zo in shimfiɗa shi ƙasa-ƙasa a bayan murya. Wanda ya taɓa ɗauka a maƙera ko wajen injin niƙa don Allah ya faɗa min yadda ya yi.