Laraba: Na Wuni a Tsibirin da Ban Taɓa Takawa Ba

Da niyyar gyara takardu na tashi yau, amma tun hantsi har la'asar ina gaban kwamfuta, ina leƙen tsofaffin taswirorin hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, USGS. Sun zuba su a intanet kyauta, har da na tun 1884. Daga wannan zuwa waccan, sai ga ni a kudu maso gabashin Alaska, na maƙale a tsibirin Admiralty.

George Vancouver, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ne ya raɗa masa wannan suna a 1794. 'Yan ƙabilar Tlingit, masu wurin, Kootznoowoo suke ce masa, wato ganuwar beyar. Sunan ya dace, don beyar ɗin sun kai kusan 1,600, sun fi mutanen Angoon, ƙauye ɗaya tilo a tsibirin, yawa nesa ba kusa ba.

Na buɗe wata taswira ta shekarun 1950, wadda inci ɗaya a takarda mil ɗaya ne a ƙasa. Da farko kore kawai na gani, sai shuɗin teku kewaye da shi. Da na ƙara girmanta, layukan nan ruwan ƙasa masu nuna tudu suka fito, ƙafa 100 tsakanin kowane layi da na kusa da shi. A wani gefen sun matsu kamar zaren saƙa har bakin ruwa. Ko ba a faɗa maka ba, ka san kwale-kwale ba shi da wurin tsayawa a nan. Shayina ya huce ban sani ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Funter Bay, wani mashigin teku can arewacin tsibirin. 'Yan ɗigo baƙaƙe ne kawai a bakin gaɓa, alamar gine-gine. A 1942, bayan Japan ta kai hari tsibiran Aleutian, gwamnatin Amurka ta kwaso mutanen ƙabilar Unangan daga tsibiran Pribilof na Alaska ta jibge su a tsohuwar masana'antar gwangwanin kifi da wata mahaƙar zinariya da ke nan. Ba ruwa mai kyau, ba magani isasshe. Da yawa sun rasu, makabartarsu na nan har yau.

A 1980 aka ayyana mafi yawan tsibirin a matsayin dajin da ba a taɓawa. Ni dai kalmar "daji" ta ɗan yi mini nauyi a baki bayan ɗigon nan.

Takardun suna nan inda na bar su. Gobe Angoon zan duba, in ga gidaje nawa aka zana.