Bin sawun Malama Friedl daga Terezin zuwa Firag

Bas ce ta kwashe mu daga Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, muka nausa arewa. Tafiyar kimanin kilomita 60 ce, gonaki hagu da dama, kafin mutum ya gyara zama har an iso Terezin. Sarki Joseph na biyu ne ya kafa garin a 1780 don ya zama sansanin soja, shi ya sa titunansa suke a miƙe sambal, ganuwar jan bulo ta kewaye shi. A nan 'yan Nazi suka riƙa tara Yahudawa tun ƙarshen 1941, daga nan a loda su a jirgin ƙasa a yi gabas da su.

Ni dai wata malama ce ta kawo ni, Friedl Dicker-Brandeis. Bayahudiya ce haifaffiyar Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1898, ta yi karatun zane a makarantar Bauhaus ta Jamus, sunanta ya riga ya fito wajen tsara gidaje da kayan ɗaki kafin siyasa ta kore ta zuwa Firag. A watan Disamba na 1942 aka kawo ta Terezin tare da mijinta Pavel. Kilo 50 na kaya aka yarje wa kowa, ita kuwa sai ta cusa kayan zane a cikin nata.

Na daɗe tsaye gaban ginin da ake kira L410, a bakin dandalin garin, kusa da coci. Gidan 'yan mata ne a lokacin, a ciki ta zauna tana koyarwa. An haramta wa yaran karatun boko, amma zane yakan wuce a matsayin wasa. Takarda ta yi ƙaranci, don haka bayan tsofaffin fom na ofis da guntayen kwali duk sun shiga aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne ba lallashi kawai take yi ba. Darasi ne sosai: yadda launi ke zama da launi, yadda hannu zai bi sautin da ta buga, kwaikwayon ayyukan manyan masu zane. Kuma takan sa yara su rubuta sunansu a jikin aikinsu, a wurin da hukuma ke kiran mutum da lamba.

A barikin Magdeburg da ke cikin garin an baje kolin tarihin kiɗa da wasan kwaikwayo na fursunoni, har da wasan yara Brundibar da aka yi sau 55. Sai dai a kalle shi da hattara, don da irin wannan 'yan Nazi suka rufe idon wakilan Red Cross da suka zo a watan Yuni na 1944.

A kakar wannan shekarar aka tafi da Pavel Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi a Poland, ita kuma ta nemi a sa ta a jirgin da ke biye. Kafin ta tafi ta shirya zane sama da 4,000 a akwati biyu ta bari a ɓoye. An kashe ta a Auschwitz a watan Oktoba. Mijin ya rayu.

Washegari a Firag na shiga majami'ar Pinkas, tsohon wurin ibadar Yahudawa. Ana so maza su rufe kai, hulata ta wadatar. Bangon hawan ƙasa cike yake da sunayen Yahudawan ƙasar kusan 78,000 da aka hallaka, a sama kuma zanen yaran: tebur da abinci, gida mai labule, layin karɓar miya, kowanne da bayanin mai shi, akasarinsu ba su wuce 1944 ba. Mai niyyar zuwa ya fara da Terezin, zai fi gane abin da yake kallo. Ya kuma kauce wa ranar Asabar, majami'ar a rufe take.