Almakashin Hajiya da kitson 'yar mutane

Ƙarshen zangon nan na ajiye aikin ajin nazare. Masu tambayata ko aure zan yi ko wani aikin na samu, babu ko ɗaya, gajiya ce ta taru. Amma tunda ƙannenmu da suka gama NCE suna ta yawo da takardu a makarantun kuɗin nan, bari in bar musu abin da na tsinta, musamman a kan abin wasan nan mai yauƙi da yara ke kira silaim, wanda ya taɓa cinye mini rabin albashin wata.

Hajiya mai makaranta ce ta gan shi a bidiyo, ta ce za a yi ranar fasaha, yara su haɗa da hannunsu, a ɗauki hotuna a sa a Facebook don tallar sabon zango. Ba laifinta ba ne da ya burge ta, ya burge duniya kafin ita. Tun 1976 kamfanin Mattel na Amurka ya fara sayar da shi, kore shar, a cikin 'yar roba mai siffar kwandon shara. Wajen 2017 kuma ya sake tashe a YouTube da Instagram, har farin gam ya yi ƙaranci a shagunan Amurka don yara sun koma haɗa nasu a gida. Na ce mata, "Hajiya, 'yan ajina shekara uku zuwa huɗu ne, komai baki suke kai wa, a bar wa 'yan firamare." Ta ce hoton ƙanana ya fi jan iyaye. Magana ta ƙare.

Ana tsakiyar abin wata yarinya ta tuɓe hijabinta saboda zafi, wani yaro ya ɗebo dunƙulen silaim mai ƙyalƙyali ya manna mata a ka. Ita kuma ta sa hannu biyu ta murza, ta tura shi har cikin tsaga. Sabon kitso ne a kanta, ƙananan kalaba da duwatsu, an yi mata don bikin ƙanwar mahaifiyarta a ƙarshen makon. Na zaunar da ita a cinyata, na cire abin da yatsu za su iya cirewa, na fito da man kwakwar da ke jakata na shafe wurin, na aiki Baba maigadi ya sayo lemun tsami a bakin titi. Iya mai raino ta ɗora ruwa. Na fara tsefe kitson da abin ya kama, ɗaya bayan ɗaya, kuma yana fita. A hankali, amma yana fita.

Sai ga Hajiya. Ta dubi agogo, ta dubi kan yarinyar, ta ce an kusa tashi, kuma mahaifiyar ba ta da sauƙi, 'ya'yanta uku ne a makarantar. Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni lokaci kaɗan, ko a kira ta a gaya mata gaskiya." Ba ta amsa ba. Ta ɗauki almakashin yankan kwali a kan tebur, ta datse kitso uku tun daga tushe, a gaban goshi, inda ba ɗankwalin da zai rufe. Ta ce, "Gashi ne, zai tsiro."

Da mahaifiyar ta iso, a gabana Hajiya ta ce antin ajin ce ta rikice ta yanke kafin a sanar da ofis. Matar ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Anti, ke ba ki haihu ba ko?" Har yau wannan tambayar ta fi yankan albashin ciwo. Iya ta ga komai, amma marayu take riƙo da wannan ɗan kuɗin rainon, ban ga laifinta da ta sunkuyar da kai ba. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, ƙarshen wata aka zaftare rabin albashi, wai an sai wa yarinyar kyautar ban haƙuri. An ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Na yi shiru, amma ban mai da shi wasa ba.

Haushin ne ya sa na zauna na karanci abin sosai, don in tabbatar wa kaina cewa hanyata ce daidai. Silaim ɗin da ake haɗawa yanzu farin gam ne, irin wanda muke liƙa takarda da shi, da wani sinadari mai suna boraks, ko ruwan wanke gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido haɗe da bekin soda. Gam ɗin dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, boraks kuma shi ke ƙulla su da juna har su zama abu mai talewa. Tsami yana warware wannan ƙullin. Shi ya sa ruwan khal ko lemun tsami ke mayar da shi gam mai ruwa-ruwa, shi kuwa gam ɗin makaranta da ma ruwa na wanke shi. Mai ba ya narkar da silaim, santsi yake sa wa gashi abin ya zame. Aikinsu daban ne, kuma a gashinmu mai murɗe-murɗe, wanda ke riƙe duk abin da ya shige shi, sau da yawa sai an haɗa biyun.

Ga yadda na riƙa yi daga baya, kuma ban taɓa komawa ga almakashi ba. Da farko a hana yaron taɓa wurin, a ba shi wani abu ya riƙe. A cire babban dunƙulen da yatsu tun yana ɗanye. In ya riga ya bushe, a jiƙa tawul da ruwan ɗumi a ɗora a kai har ya yi laushi, kar a ɓamɓare shi a bushe, da gashi yake tahowa. Sai mai, kowanne ke kusa: man kwakwa, man zaitun, man gyaɗar girki, man kaɗanya da aka narkar a tafin hannu, ko man laushin gashi da ake shafawa bayan shamfu. A shafa da yawa, ba rowa, a bar shi ya ɗan jima. In kitso ne a tsefe layin da abin ya shafa kawai, ba sai an kwance kai duka ba. A taje da mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi a riƙa hawa zuwa tushe, hannu ɗaya na riƙe da tushen don kar yaron ya ji ja. Abin da ya ƙi fita shi ake bi da tsami: ruwan khal rabi, ruwan ɗumi rabi, a tsoma tsumma a riƙa dannawa a wurin, ba a kwarara a kai ba. A sa yaron ya ɗaga fuska sama, a tare goshinsa da tawul, don in ya shiga ido ko ya taɓa fatar da sabon kitso ya ja, kukan da za a sha sai an ji shi a ofis. A ƙarshe a wanke da shamfu, sau biyu in man ya yi yawa. Ƙyalƙyalin zai yi kwanaki yana fita da kansa, a gaya wa uwar tun da wuri.

Iya ce ta ƙara mini da karkashi, wanda iyayenmu ke wanke kai da shi tun kafin shamfu ya zo. In aka jiƙa shi ya saki yauƙinsa, mataji wucewa kawai yake yi. Amma da ta kawo shawarar ruwan kanwa na hana ta, don kanwa ɓangarensu ɗaya da bekin soda, su ne masu taimaka wa abin ya ɗaure. Kananzir kuwa, da wasu ke ɗaukowa don cingam ko ƙwarƙwata, kar a kusanto da shi kan yaro: yana ƙona fata, yana kama wuta.

Wani abin da Hajiya ba ta so ji ba shi ne cewa na roba da ake sayarwa ma ba duka ke da lafiya ba. A 2018 ƙungiyar kare masu saye ta Birtaniya mai suna Which? ta gwada kala 11, ta samu 8 sun wuce iyakar sinadarin boron (wanda ke cikin boraks) da Tarayyar Turai ta yarda da shi a irin wannan abin wasa, wato miligiram 300 a kowane kilo. In ya yi yawa yana sa ƙaiƙayin fata, in an haɗiye kuma amai da gudawa. Da na kai mata wannan, cewa ta yi na cika bincike kamar 'yar jarida. Zango na gaba aka sake ranar fasahar, sai dai ni na ɗaure wa 'yan matan ajina kai da kaina, na kuma naɗe hannun rigar kowa.

Sauran abin da zan ce wa mai shigowa kaɗan ne. Duk shawarar da kika ba mai makaranta, ki sake aika mata ita a rubuce ta WhatsApp. In wani abu ya sami yaro, ki ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa. Ki san lambar iyayen ajinki da kanki, ko da an ce sai ta ofis ake kira. Ki yi mutunci da masu raino da maigadi, su ne ke tsayawa da ke bayan an tashi. Almakashin aji kuma ki kulle shi a durowa, ba don yara kaɗai ba.

Mahaifiyar yarinyar nan ba ta san gaskiya ba har yanzu, kuma ta cire 'ya'yanta duka uku a ƙarshen shekarar. Wasu iyayen da abin ya sami yaransu a gida sukan kira ni da daddare in yi musu bayani ta waya, kuma lambar tawa Hajiya ce ke ba su.