Kazar Kasuwa da Ƙwayoyin Cutar da Suka Kangare

A kasuwa nake sayen kaza, kuma wurin yanka da figa ne ke tayar mini da hankali. Tukunyar ruwan zafi ɗaya ake tsoma kowace kaza tun safe, katako ɗaya, wuƙa ɗaya, kayan ciki na zube a gefe ƙuda na bi. A nan ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli da ke hanjin kaza suke hawa naman.

Amma tushen matsalar yana gidan gona. Masu kiwo da yawa suna zuba tetracycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan shan kaji ko da lafiyarsu ƙalau, wasu ma su sayar da su kafin wa'adin fitar maganin daga jikin kaza, wanda ke rubuce a jikin maganin, ya cika. Ƙwayoyin da suka tsira sai su kangare, ranar da suka kama yaro kuwa, maganin asibiti ya kasa cin su. A shekarar 2019 kangarewar ƙwayoyin cuta ga magani gaba ɗaya ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don su yi ƙiba tun 2006.

A gidana dai kaza sai ta dahu har ƙashi, kuma katakon nama daban, na latas da tumatir daban.