Bodin Pijo 504 ya hau majuyi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Aikin 504 ɗin nan ya yi gaba: bodi ya hau majuyi, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake ɗaure mota a tsakaninsu ana juya ta kamar rago a kan garwashi. Haɗin Kaduna ce, tsatsa ta ci ƙasanta, walda a kwance ƙarƙashin mota kuwa azaba ce.

Ita 504 ƙaramar ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa. Shi ya sa bayan na sauke inji, giyabos, tankin mai, gilasai da ƙofofi, sai na tokare bakin kowace ƙofa da bututun ƙarfe kafin na ɗaga. Hannuwan majuyin na ɗaure su a inda bamba ke kamawa, gaba da baya, bayan na tabbatar wurin bai ruɓe ba.

Daidaita nauyi ne ya ci mini lokaci. Abin da ake nema shi ne tsakiyar nauyin bodi ta faɗo daidai kan layin da yake juyawa. Gwajin ba wuya: ku kwantar da shi a gefe, wani ya riƙe, ku sassauta hannu a hankali. In ya koma ƙasansa ƙasa, nauyi na ƙarƙashin layin, sai a ɗaga bodi da dogon noti. In rufi ne ke neman ƙasa, ya yi sama da yawa, kuma wannan ne mai haɗari, domin yana kifewa ba sallama. Kaɗan-kaɗan nake murzawa, gaba da baya daidai wa daida, in ba haka ba layin ya karkace, bodi ya riƙa murɗewa. Yanzu da hannu ɗaya nake juya shi, inda na sake nan yake tsayawa.

Duk da haka ban yarda da shi ba sai da sakata. Nakan zura ta cikin hujin faifan ƙarfen da ke jikin majuyin a ɓangarorin biyu, ba ɗaya ba, kafin na kusance shi da guduma ko giranda. Notin da ke matse majuyin kada ya juya, in shi kaɗai ne, yana iya sulɓewa.

Gaba sai yanke ƙasan wajen direba. Da zarar ƙarfen ya fita nauyi zai sauya, dole in sake gwajin tun daga farko.